Bayan Hoton Bahaguwa

Ranar Talata da hantsi aka tsinci Baba Mai Zane kwance a ɗakin aikinsa, jini ya bushe masa a ƙeya, numfashi sama-sama. Matarsa ce ta same shi da ta dawo daga kasuwa. Ba a ɗauki komai ba, ko rediyonsa na kan taga yana nan yana ta surutu shi kaɗai. Abin da ya tayar wa mutane da hankali shi ne zane-zanen. Duk wani hoto da ke ɗakin, sun fi ɗari, an sauke shi an kife a ƙasa, waɗanda ke cikin firam kuma an farke musu takardar baya.

Kafin motar asibiti ta bar layin, unguwa ta gama yanke hukunci. Tsafi ne, kuma aikin 'yan wasan nan ne na bayan shagon littattafai.

Shagon na ƙanena ne. Duk Asabar da la'asar mutum huɗu ke zuwa su kewaye tebur a ɗakin baya, kowa da katinsa mai hoton jarumin da yake wakilta. Ƙanena ke ba da labari, shi ya sa suke ce masa Mai Labari, su kuma kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ɗan lido ya raba gardama. Akwai Tela, da Malamar Kimiyya, da Mai Ɗab'i wanda ke buga musu katunan, sai Kawu Mai Agogo, dattijo mai sanyin murya da kowa ke girmamawa. Manyan mutane da hankalinsu suna kashe dodanni da fatar baki. Ni ban taɓa ganin komai a ciki ba sai ɓata lokaci, amma maƙwabta sun daɗe suna ƙus-ƙus a kai. Ga shi kuma mako guda kafin abin ya faru, rabin layin sun ji Baba Mai Zane yana zazzaga wa ƙanena masifa a ƙofar shago saboda wani kati.

Ni aikina a kamfanin buga littattafai yake. In aka kawo hoto ba a san mai shi ba, ni ake ba, in bi shi daga hannu zuwa hannu har in gano wanda ya zana shi da inda ainihin zanen yake. A ofis Bi-Sawu suke kirana. Ban taɓa bin sawun mutum ba, kuma da an ba ni zaɓi da ban fara ba.

*

Na sami ƙanena ya kulle kansa a shago, ana jifan ƙofar da tsakuwa. Da na matsa masa ya fito da katin. Mace ce mai tabo a girar hagu, riƙe da wuƙa a hannun hagu, an ɗora mata sulke. Saboda hannun nan 'yan wasan suka raɗa mata Bahaguwa, wata biyu ke nan tana cikin labarinsu.

Ya ce Baba Mai Zane ya ba shi izinin amfani da tsofaffin zane shida. Wannan ta bakwai ce, ya gan ta a jingine tana shan iska, ta burge shi, ya ɗauke ta a waya ba tare da ya tambaya ba. Da tsohon ya ga katin sai ya fusata, ya sa shi ya goge hoton daga wayar a gabansa.

“Yaya, wallahi ban taɓa shi ba,” in ji shi. “Hoto kawai na ɗauka.”

Na ce masa ai shi ne, hoto kawai. Na so in kwaɗa masa mari, amma na ga idonsa ya riga ya yi ja, sai na karɓi katin na fita ta ƙofar baya.

*

A barandar asibiti na sami Inna, matar Baba Mai Zane. Likita ya ce ba a san ranar da zai farfaɗo ba, in ma zai farfaɗo. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ja ni can ƙarshen baranda inda ba kowa, ta karɓi katin ta daɗe tana kallonsa.

'Yarsu ce, Auta. Shekara uku da suka wuce tana aiki a ofishin wani kamfanin gine-gine, wani bene da suka gina ya rufta da mutum tara. Ita ta tsaya a kotu ta faɗi wanda ya sa hannu aka karɓi rodin da bai kai ba. Aka ɗaure mutumin, daga nan aka fara jefo mata takardun barazana, har aka cinna wa ɗakinta wuta. Ta bar gari, ta jefar da waya, ta yanke hulɗa da kowa. Sau ɗaya mahaifinta ya je wurinta, a can ya zana ta tana yankan albasa. To Baba ya fara mantuwa, sunan maƙwabcinsa ma sai ya ɓace masa. Don haka ya rubuta inda take da fensir a bayan zanen.

“Ni na ce kada a gaya mini,” in ji Inna. “Na san bakina. A duniyar nan ba inda aka rubuta wurin nan sai bayan hoton.”

Na tambaye ta ina zanen yake yanzu. Ta ce bayan rigimar kati ya naɗe shi a jarida ya fita da shi, ya dawo hannu wofi, da ta tambaye shi ya rasa inda ya kai. Wanda ya kife hotunan nan bai same shi ba ke nan, yana nan yana nema.

Daga nan na daina tunanin ƙanena da masu jifan ƙofarsa. Wani ya ga fuskar Auta a kati ya gane ta, ya doki tsoho har ya faɗa masa zancen bayan hoto. In ya riga ni zuwa ga zanen, ya sami Auta. Tsoro ya kama ni sosai, na sauko matakalar asibitin ina waiwaye.

*

Da Tela na fara, domin shi ke riƙe da katin Bahaguwa a wasan, kuma mai kantin da ke kwanar layin ya ce ya gan shi a layin Baba safiyar Talata. Na same shi da bandeji a hannu. Da na ambaci Talata sai ya daina taka keke, ya fara kame-kame. Ya ce almakashi ne ya yanke shi, ya ce bai je ba, ya dawo ya ce ya je amma bai shiga ba. Ni kuwa ina lissafin taku nawa ne tsakanina da ƙofa.

Matarsa ce ta warware zancen daga bayan labule. Ashe ya je ne ya roƙi Baba ya zana masa Bahaguwa babba ya rataye a shago, ita kuma ta ce in hoton wata mace ya shigo shagon nan to ita za ta fita. A kan haka suka yi ta ja-in-ja har almakashin ya yanke shi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba da ƙarfe takwas, tsohon ya leƙo ta taga lafiyarsa lau ya kore shi, mai shara ma ya gani. Kunya ce ta hana shi faɗa. Na bar su suna ci gaba da rigimarsu, na ɓata rabin yini a banza.

*

Mai Ɗab'i ya fi ba ni wahala, don shi ya sa hotunan katunan a shafin shagonsa na intanet don talla. Duk wanda ke da waya a duniya zai iya ganin fuskar Auta ke nan. Ban gaya masa dalili ba, na dai sa shi ya sauke su nan take, sannan na ce ya nuna mini hoton da ƙanena ya turo masa kafin a yanke gefe-gefensa.

Ya buɗo a kwamfuta. Babu sulke, mace ce kawai da wuƙar girki. A ƙasan takardar, can kusurwa, akwai lambobi da fensir, amma na kasa karanta su, kamar rubutun da aka kalla a madubi.

“Au, na juya shi ne,” in ji Mai Ɗab'i.

Ya ce ƙa'idar aikinsu ce. Rubutun kati yana gefe ɗaya, kuma ba a barin fuska ta juya wa rubutu baya. In hoto ya zo yana kallon waje, sai a birkita shi, dama ta koma hagu. Yana yi ne ba tare da ya ma yi tunani ba. Ya danna wani abu, hoton ya juya, wuƙa ta koma hannun dama, tabo ya koma girar dama. Ya yi dariya ya ce ashe wata biyu suna yi wa baiwar Allah ƙazafin hagunci. Na tambaye shi wa ya san ya juya shi. Ya ce ba kowa, shi kansa ya manta, Mai Labari ma bai lura ba.

Lambobin kuwa yanzu sun karantu: arba'in, sannan hamsin da biyar, da ƙaramin harafi a gaba. Na saba ganin irinsu a aikina. Awon firam ne. Tsohon ya yi niyyar sa wa zanen firam tun farko, don haka da ya ɗauke shi daga gida ƙafarsa ta kai shi inda ta saba.

*

Masu firam uku ne a garin, kowa a nasa ɓangaren. Ina tsaye a bakin titi washegari ina neman abin hawa sai ga Kawu Mai Agogo a tsohuwar motarsa. Ya tambayi jikin Baba, ya jajanta mini abin da ake yi wa ƙanena, ya ce duk inda za ni shi zai kai ni, ai abin ya shafe su duka. Na ji daɗi har raina. Na gaya masa ina neman ainihin zanen Bahaguwa a wurin masu firam don in wanke ƙanena. Ban ce komai game da Auta ba, ban kuma ce komai game da juya hoto ba.

Mai firam na farko bai san zancen ba. Na biyu ya ce shi Baba ya daina kawo masa aiki tun bara. Muna hanyar na uku Kawu yana tuƙi a hankali, hannu biyu a sitiyari, yana ba ni shawara kamar uba.

“Waɗannan mutanen ba sa tuna suna, 'yata. Kamanni za ki ba shi. Ki ce mace mai tabo a girar dama.”

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na rufe. Katin yana cikin jakata, tabon a hagu yake. Wata biyu mutumin nan yana zaune kusa da katin duk Asabar, yana jin ana kiran Bahaguwa. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana bambance allurar agogon da ta karkata dama da wadda ta karkata hagu. Bai ga zanen ba, bai ga hoton kwamfuta ba. Ya ga fuskar ce da idonsa, ya kuma daɗe yana kallonta.

Ƙofar gefena ba ta buɗuwa ta ciki, shi ke zagayowa ya buɗe mini tun safe, ni kuma ina ta yaba ladabinsa. Na ce, “To, Kawu,” na kafa ido a titi.

*

Shagon na uku yana cikin wani lungu mai cunkoso, ba wurin ajiye mota. Ya zagayo ya buɗe mini, masu kaya suna ta yi masa oda a baya, ya ce in shiga zai nemi inda zai tsaya ya biyo ni.

Mai firam ɗin ya gane zancen tun kafin in gama. Ya ce Baba ya kawo ya ce a ɓoye masa, bai dawo ba. Ya zaro shi daga ƙarƙashin kanta, a naɗe cikin jarida. Takarda ce mai kauri. Na juya ta, na ga layi biyu na fensir a sama, na yi maza na dafe su da tafin hannu kafin idona ya kama ko harafi ɗaya.

Daga baya na tuna hanyoyi goma da suka fi wadda na bi. A lokacin ba ko ɗaya a kaina. Abin da na sani shi ne mutumin da ya fasa kan tsoho ɗan shekara saba'in zai shigo nan da minti biyu, kuma ni na san kaina, ba ni da juriyar duka. In na karanta, zan faɗa. Na ce wa mai firam ya ba ni samfefa. Na kau da kai ina kallon bango, na yi ta gurzar wurin har takardar ta yi laushi, sannan na duba. Ba abin da ya saura sai fari. Na roƙe shi ya mayar ƙarƙashin kanta, in an tambaye shi ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Kawu ya shigo yana share gilashin idonsa. Na ce nan ma babu. Ya dubi mai firam, ya dubi kanta, sannan ya dubi hannuna.

“Yatsunki sun yi baƙi,” in ji shi.

Na ce ƙurar firamai ce. Ya gyaɗa kai, ya ba ni hankicinsa. Minti ashirin muka yi a hanyar komawa, yana ba ni labarin wani agogon bango da ya gyara.

*

Sufeton da ke binciken ya saurare ni, ya ce kuskuren dama da hagu ba hujja ba ce, shi ma yakan yi. Da ƙyar ya yarda ya zo ranar Asabar ya zauna a cikin shago bayan kantar littattafai, inda zai ji abin da ake yi a ɗakin baya.

Duk huɗun sun zo, don na sa ƙanena ya ce musu za a tattauna makomar wasan. Ba wanda ya taɓa ɗan lido. Tela yana kallon Mai Ɗab'i, Mai Ɗab'i yana kallon Malama, kowa na zargin kowa. Na riga na koma na karɓo zanen daga wurin mai firam, sai na kwance jarida na shimfiɗa shi a tsakiyar tebur, na ce ga Bahaguwarsu ta ainihi.

Suka rufu a kai. Malama ta ce kai, ashe albasa take yanka. Tela ya ce wannan ai ba bahaguwa ba ce, an cuce shi. Mai Ɗab'i ya fara bayanin ƙa'idarsa. Kowa fuskar yake kallo, don abin da ake kallo a hoto ke nan. Kawu Mai Agogo bai dubi fuskar ba ko sau ɗaya. Ya miƙa hannu a hankali, ya kama kusurwar takardar, ya kife ta.

Ya shafa wurin da na gurza da ɗan yatsa.

“Kawu, me kake nema a baya?” na ce.

Ya ciro ƙaramin sukundireban da ke aljihun gaban rigarsa, yana juya shi a yatsu kamar yadda ya saba in yana tunani. Da ya yi magana muryarsa ba ta canza ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ya ce ɗansa ne aka ɗaure, shekara goma sha biyu, uwar yaron ta mutu da baƙin ciki. Ya zauna a kotu kwana tara yana kallon yarinyar nan tana magana. Ranar da aka raba katin ya gane ta tun kafin katin ya kai tebur. Ya ce bai yi nufin dukan tsohon ba, gardama ya yi masa, shi kuma magana kawai yake so ya yi da ita.

“Kin goge,” in ji shi. “Amma kin karanta.”

“Ban karanta ba.”

Ya tashi tsaye. Ƙanena ya sha gabana, Tela ya riƙe wa Kawu hannu da hannunsa mai bandeji, Sufeto ya ɗaga labule ya shigo. Kawu bai yi turjiya ba, ya ajiye sukundireban a kan tebur da kansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in yi tunani da kyau ko zan tuna, domin ba shi kaɗai ke son sani ba. Har yau in mota ta rage gudu a gefena sai na canza hanya.

*

Kwana goma sha ɗaya Baba Mai Zane ya yi kafin ya buɗe ido. Inna ta aiko a kira ni, ta ce tun da ya farka zanen yake tambaya. Na je da shi a naɗe. Na riga na gaya wa Inna abin da na yi, ta rufe fuska da mayafi ta daɗe a haka.

Ya rame, kumburin idonsa ɗaya bai gama sacewa ba. Bai tuna wanda ya doke shi ba, bai tuna ƙanena ba, amma da na buɗe jaridar ya yi murmushi ya ce Auta. Ya gaya mana ranar tana ta yi masa tsiya wai ya sa ta riƙe wuƙa awa biyu albasa na cin idonta. Ya ce da ya warke zai ɗauki Inna su je, ta daɗe ba ta ga 'yarta ba, wannan karon ba zai saurari gardamarta ba.

Na tambaye shi ko yana tuna garin. Ya ce akwai wata gada, ko kuwa tashar jirgi ce. Ya yi ta ƙoƙari har gumi ya tsattsafo masa, sannan ya yi dariya ya ce ba komai, ai shi ya sa ya rubuta.

“Idona bai gani sosai, 'yata. Karanta mini abin da ke baya.”

“Babu komai, Baba. Na goge.”

Ya dube ni, bai gane ba. Na yi masa bayani, Inna ta sake yi masa, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

“Kin kyauta,” in ji shi. “Kin cece ta. To faɗa mini abin da kika gani kafin ki goge.”

Na ce ban duba ba. Ya jira ko zan ƙara wani abu, Inna ma ta ɗago kai tana jira, duk da ta san amsar. Sai na zauna a bakin gadon, na sake naɗe zanen cikin jaridarsa.